Tambaya da Amsa: Aika Saƙo daga Zariya, Tasha ko Kamfani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa, mayafai da ɗinkakkun kaya ta WhatsApp daga gida. Yanzu masu saye sun fara zuwa daga Abuja, Legas har Fatakwal. Wasu sun ce in riƙa ba direbobi a tasha, wasu sun ce kamfani ya fi. Wanne zan riƙe?
— Wata 'yar kasuwa, Tudun Wada

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Duka biyun za ki riƙe, kowanne da inda ya fi amfani. Kafin kowane aike ki tambayi kanki: in kayan nan suka ɓata, wa zan kama?

Idan Kano ne, Kaduna, Funtuwa, Jos ko Abuja, tasha ta fi sauri da araha. Zariya na kan babbar hanyar Kaduna zuwa Kano, mota ba ta yankewa a Kwangila, saƙon da ya tashi da safe yakan isa ran nan. Sai dai kada ki miƙa wa direban da ya tsaya ɗaukar fasinja a bakin titi. Ki shiga tasha wurin 'yan ƙungiya, a rubuta saƙon a littafi, a ba ki rasit. Ki ɗauki hoton kayan da lambar motar, ki karɓi lambar wayar direba, ki tura wa mai karɓa nan take. A jikin ƙunshin ki rubuta sunan mai karɓa da lambobin waya biyu da alƙalamin maka (marker), ba a 'yar takardar da za ta ɓare a but ba. Ki kuma gaya masa tun wuri cewa direba ba ya kai kaya gida. Yana sauke fasinja zai shiga layin lodi, in bai ga kowa ba ya bar saƙon hannun ɗan kamasho, shi kuma sai an ba shi na ajiya. Yawancin rigimar tasha daga nan take tashi, don haka ku yanke tun farko wa zai biya wannan.

Raunin tasha shi ne ba inshora. In kaya suka salwanta, sulhu za a zauna, kuma da wuya sulhu ya dawo da kuɗi cikakke. Saboda haka Legas, Fatakwal, ko duk ƙunshin da asararsa za ta taɓa jarinki, kamfani za ki kai. Hukumar gidan waya ta ƙasa, NIPOST, ce ke ba kamfanonin aike lasisi a Najeriya. Ƙaramin kamfanin da ba ki sani ba, ba laifi ki nemi ganin nasa. Ki tambaye su kwana nawa, har gida za su kai ko ofishinsu za a je, nawa suke biya in kaya sun ɓata, kuma wa ke biyan kuɗin dawowa in mai saye ya ƙi karɓa. Kwanakin da za su faɗa miki galibi na aiki ne, kuma sau da yawa sai an tara kayan Zariya a wata babbar cibiya kafin su kama hanya. Abin da kika kai yammacin Juma'a zai iya kwana a ofis har Litinin.

Sai babban kuskuren 'yan kasuwa: a tambayi darajar kaya, mutum ya rage don kuɗin aike ya sauka. Ranar da kayan suka ɓata, a kan abin da kika rubuta da hannunki za a yi lissafi. Ki faɗi gaskiyar kuɗin, ki adana rasit ɗin sarin.

Tambaya: Na kai kwalin jakunkuna da takalman fata. A gabana sikeli ya nuna kilo 5, amma aka caje ni kuɗin kilo 12. Ba cuta ba ce wannan?
— Wani mai sana'ar fata, Sabon Gari

Amsa: Malam, mai yiwuwa ba cuta ba ce. Kamfanoni, musamman masu ɗora kaya a jirgin sama, wuri suke sayarwa ba nauyi kaɗai ba. Sukan auna tsawon kwali, faɗinsa da tsayinsa da santimita, su ninka ukun, su raba da 5000. Haka DHL ke yi, wasu kuma adadin da suke rabawa da shi ya ɗan bambanta. Abin da ya fito sai a gwada da na sikeli, a caje ka a kan wanda ya fi yawa. Kwali mai 50 da 40 da 30 ya ba da 60,000, a raba da 5000, kilo 12 ke nan ko da iska ce rabinsa. Ka nemi kwali daidai kayan. In babba kawai ka samu, ka tsaga kusurwoyinsa huɗu da reza zuwa inda kayan suka tsaya, ka naɗe bakin. Rage santimita 10 daga tsayin wancan kwalin zai sauko da shi kilo 8. Ƙananan jakunkuna su shiga cikin manya.

Tambaya: Ɗana yana karatu a Ingila. Ina so in aika masa kilishi, dambun nama, man shanu, yaji, kuka, daddawa, babbar riga ɗinkin hannu, da humra ta matarsa. Ta ina zan fara?
— Wata uwa, Ƙofar Doka

Amsa: Mama, Allah ya ba shi sa'a. Za mu fara da abin da ba zai yi miki daɗi ba: ki cire kilishi, dambun nama da man shanu. Ingila ba ta yarda a shigar da nama ko kayan nono daga Najeriya a ƙunshin mutum, ko a jaka ko ta gidan waya, kuma bushewar naman ba ta sauya hukuncin. Haka Tarayyar Turai, Amurka ma ta tsananta a kan nama. In aka gani za a ƙwace a lalata, kuɗin aiken kuma ya tafi. Masu 'yan'uwa a Turai su ƙara da wake: tun 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa.

Humra da sauran turaren ruwa, musamman mai sifirit, ana lissafa su cikin abin da ke kama wuta, don haka yawancin masu aike ta jirgi ba sa karɓa. Batirin waya da na ajiye caji da gwangwanin feshi duk layi ɗaya suke. Kada wani ya ba ki shawarar cusa kwalbar cikin rigar. Na'ura za ta nuna, a tsare kwalin gaba ɗaya.

Rigar ba matsala. Yaji, kuka da daddawa kuwa ki tambayi inda za ki aika ko suna karɓa zuwa Ingila, kuma ko sai da takardar hukumar NAQS mai duba kayan gona. Su bushe ƙarau, kowanne a leda mai nuna ciki, an rubuta sunansa da Turanci da nauyinsa. Daddawa ta sha leda biyu ko uku, in ba haka ba rigar za ta isa da warinta. Kada ki liƙe kwalin a gida, don sai an buɗe a gabanki, jami'an NDLEA masu yaƙi da miyagun ƙwayoyi ma suna binciken irin waɗannan ƙunshin. Ki tafi da katin shaida. Kuma duk kusancinki da mutum, kada ki karɓi ƙullin da ba ki ga cikinsa ba ki haɗa da naki: sunan da ke kan takarda shi za a nema.

A gidan waya za a ba ki fom ɗin kwastan, CN22 na ƙananan kaya ko CN23 na masu daraja. A jera komai ɗaya bayan ɗaya da kuɗinsa; rubuta "kayan abinci" kawai na sa a tsare ƙunshi. Kyautar da ta haura fam 39 ana iya neman ɗanki ya biya mata haraji kafin a ba shi, ki sanar da shi. Ya turo adireshinsa a rubuce da lambar unguwa (postcode), a kwafa harafi da harafi. EMS na gidan waya yakan fi DHL, UPS ko FedEx sauƙin kuɗi, su kuma sun fi sauri. Lambar bibiya ta EMS haruffa da lambobi 13 ce, tana farawa da E ta ƙare da NG. A ɗauki hotonta kafin rubutun rasit ɗin ya goge.

Tambaya: Na aika zuma a jarka zuwa Abuja, ta isa ta yoye ta ɓata kayan mutane. Direba ya ce laifina ne.
— Wani ɗalibi, Samaru

Amsa: In ka cika ta har baki, yana da gaskiya. Zafin but yana sa zuma ta saki ta kumbura, ɗanya ma takan yi iska, murfi ya ba da hanya. Ka bar sarari kamar yatsu uku, ka shimfiɗa leda a baki kafin ka murɗa murfin, ka naɗe da salatif, ka kifa jarkar minti biyar ka gani. Sannan leda biyu, a tsaye cikin kwali, a cushe gefe da tsumma, a zana kibiya mai nuna sama. Ka faɗa wa mai lodi abin da ke ciki don kada ya kwantar da ita ƙarƙashin buhu. Mai karɓa kuma ya buɗe a gaban wanda ya miƙa masa, in da ɓarna ya ɗauki hoto kafin ya sa hannu.