Amsa: Shin ƙara tsawon fayiba kaɗai zai rage hayaniyar fes?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mayar da fayibar (zaren gilashi mai ɗaukar haske) osiletarka, wato na'urar haifar da sigina mai haɗa haske da lantarki, daga kilomita 1 zuwa 10 zai tsabtace siginar gigahaz 10 daga hayaniyar fes, wato 'yar rawar da ke ɓata daidaiton lokacin bugun siginar. Zai taimaka, amma da sharaɗi.

Dabarar da Steve Yao da Lute Maleki suka fito da ita a JPL, cibiyar binciken sararin samaniya ta Amurka, a shekarun 1990 ita ce jinkirta haske cikin fayiba, a wani zobe da sigina ke ta kewayawa. A lissafi, duk ninka tsawon sau biyu yana rage hayaniyar kusa da babbar sigina da desibel 6. Sai dai haske na cin kusan makrosakan 5 a kowace kilomita, don haka tazarar mitocin da zoben ke iya haifarwa za ta sauko daga kilohaz 200 zuwa 20. Matatar lantarki da aka saba ba ta iya ware mita ɗaya cikin wannan cunkoso, sai 'yan rakiya, wato mitocin gefe da ba a so, su cika maka sigina.

Ni da zobe biyu zan fara: dogo ya danne hayaniya, gajere ya kore 'yan rakiyar.

Kada kuma ka raina amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sigina, domin sau da yawa hayaniyarta ce ke rinjaye kusa da siginar. Ƙara ƙarfin leza ma na da iyaka: warwatsuwar Brillouin (karon haske da rawar sauti cikin gilashin fayiba) na dawo da haske baya, fotodiyod kuma, mai mayar da haske lantarki, in ta ƙoshi takan juya rawar hasken zuwa hayaniyar fes. Ka killace naɗin fayibar daga sauyin zafi da girgiza kafin ka sayi ƙari.