Amsa ga Malamar da Huckleberry Finn ya gagari ɗalibanta

Malama, sannu da fama. Kin ce ɗalibanki sun kasa wuce babi na biyar, waɗanda suka daure kuma suna cewa marubucin littafin, Mark Twain, mai goyon bayan bauta ne. Duk mai koyar da littafin nan ya san ciwon. Masu tsara manhaja kuwa, Allah ya shirye su. Su ɗora miki littafi mai babi 43 a 'yan makonni, ba taswira, ba littafin jagora, in sakamako ya lalace a ce malami ne rago. Da za a tsayar da ɗayansu gaban aji da irin Turancin Jim, bawan da ya tsere a labarin, da an ga ƙarshen cika baki.

Kafin a buɗe littafin, ki zana kogin Mississippi a allo. Ga Missouri inda ake bauta, ga garin Cairo inda kogin Ohio ya shigo. Can Jim ya nufa, don ya bi Ohio zuwa jihohin da ba a bauta. A babi na 15 da 16 hazo ya sa shi da yaron nan Huck, abokin tafiyarsa, suka wuce Cairo, daga nan kullum kudu ruwa yake jansu, cikin ƙasar bayi. Ɗalibin da bai ga wannan ba, gani zai yi yawon shan iska suke.

Maganar Jim kuma yadda take fita daga baki aka rubuta ta. Ki karanta musu shafi biyu a bayyane, kunne zai kama abin da ya gagari ido. Kalmar zagin baƙar fata ta zo fiye da sau 200, ku yi yarjejeniya tun ranar farko ba mai furta ta.

Kada ki yi rowar lokaci a babi na 31. Huck ya rubuta wa Miss Watson, uwargijiyar Jim, wasiƙar tona inda Jim yake, ya yage ta, yana ganin ya zaɓi shiga wuta. Ki tambaye su: wa ya koya wa yaron cewa taimakon Jim zunubi ne? Nan suke rarrabe bakin Huck da na Twain. Littafin ma a 1885 ya fito a Amurka, shekara 20 bayan haramta bauta.

Babi na 32 zuwa ƙarshe ne abin takaici. Tom Sawyer, abokin Huck, ya san Miss Watson ta 'yanta Jim a wasiyyarta, amma ya yi shiru, yana zuba masa ɓeraye da macizai a ɗakin da aka tsare shi don wasa. Kada ki tsallake don lokaci ya ƙure. Ki raba ajin biyu, su yi muhawara ko Twain ya ɓata littafinsa ne ko da gangan ya yi.