Sa hannun mawaƙi a kwalin faifai: amsa ga mai tambaya

Assalamu alaikum jama'a. Ɗana, da farko Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Na karanta tambayarka. Ka ce kun buɗe akwatinsa a gidanku na unguwar Zariya a nan Maraɗi kun tarar da faya-fayan garmaho, cikinsu akwai na Fela Kuti, mawaƙin nan na Najeriya, mai rubutu a kwali wanda ake ce maka sa hannunsa ne, wani kuma ya neme ka ta WhatsApp yana so ya kwashe su gaba ɗaya. Kana son sanin ko rubutun nan zai ɗaga kuɗin faifan ko zai kashe shi, sannan ko ya dace ka kai wasu wurin mawaƙan da ke raye su sa maka hannu kafin ka sayar.

Na jima a wannan harka, tun muna juya faifai a wasannin samariya zamanin Kountché, har yau kuma ina saye ina sayarwa jefi-jefi. Abin da na gani shi ne, mai saye ba tawada yake biya ba, shaida yake biya. Sa hannun da za ka iya tabbatarwa yana ƙara kuɗi, wani lokaci ninkin ba ninki. Wanda ba ka da abin kafa hujja a kansa, a idon ɗan kasuwa rubutu ne kawai aka yi a kwali, kuma rubutu a kwali aibi ne da ake rage kuɗi saboda shi. Kamar takardar cinikin fili ce: ko ta sha hatimi, in ba shaidu, ba wanda zai ƙirga maka kuɗi.

Kafin a je ko'ina, ka fara tabbatar da cewa ba sunan mai faifan ba ne. Kada ka yi dariya. Mu a zamaninmu in za a yi wasa, kowa da nasa faya-fayan yake zuwa, a tara su kan tebur ɗaya, da asuba a rarraba. In ba ka rubuta sunanka ba, naka ya tafi unguwar Mokoyo ko Bagalam, sai dai labari. Saboda haka muke rubutawa a kwali, mu rubuta a tambarin tsakiya, wasu har da lanƙwasa da ja-layi a ƙasa irin na manyan ma'aikata. Mafi yawan rubutun da ake kawo mini a ce na mawaƙi ne, da na duba sai in ga hannun wani ɗan lakkol ne na shekarun 1970. Ka ɗauko sauran faya-fayan akwatin ka jera. In ka ga hannu iri ɗaya a kan na Fela da na James Brown da na waƙoƙin Indiya, to magana ta ƙare, hannun baba ne ko na abokinsa. Ka kuma gwada shi da tsofaffin takardunsa.

In rubutun ya tsallake wannan, sai ka duba lokaci. Na taɓa ganin faifan Bob Marley mai suna Legend a hannun wani mai tsofaffin kaya a Kano, an rattaba masa hannu da baƙar tawada, mai shi yana ta rantsuwa. Bob Marley ya rasu a watan Mayu na 1981, Legend kuwa a 1984 ya fito. Ban ce da shi komai ba, wataƙila shi ma haka aka sayar masa. Fela ya rasu ranar 2 ga Agusta 1997, kuma bayan rasuwarsa an sake buga faya-fayansa da yawa a Turai da Amurka. To ka juya bayan kwalin. In ka ga adireshin intanet, ko shekarar bugu da ta wuce 1997, ba sai ka tambayi kowa ba. Haka kuma a tsakiyar shekarun 1970 Fela ya yar da sunan gidansu na Ransome ya ɗauki Anikulapo. Faifan da ya fito bayan nan, irin su Zombie, in ka ga an sa masa hannu da Ransome, akwai alamar tambaya babba.

Sannan ka kai kwalin bakin ƙofa inda haske yake, ka karkata shi. Tsohon kwali yana da zobe, wato da'irar da faifan ya ci a jikinsa saboda daɗewa a matse, ga ƙananan karce da wuraren da launi ya goge. Rubutun da aka yi shekara arba'in da suka wuce ya sha wuya tare da kwalin: inda kwali ya goge, tawadar ma ta goge. In ka ga tawada ta bi ta kan karce tana sheƙi, ta cike ramin ba ta yanke ba, to bayan kwalin ya tsufa aka yi ta. Bik yana barin rami a kwali, kana iya jin sa da yatsa ta ciki, kuma tsohon bik shuɗi yakan dushe. Wannan duk ba ya nuna cewa hannun Fela ne. Yana dai nuna ko rubutun sa'ar kwalin ne ko jikansa.

Dalilin da ya sa masu saye suke da tsoro haka, an sha cin su. Ko a kan Beatles, ƙungiyar mawaƙan nan ta Ingila, waɗanda ake matuƙar bin diddigin sa hannunsu, sananne ne cewa masu yi musu hidima a tafiye-tafiye, Neil Aspinall da Mal Evans, sun sha sa hannu a madadinsu saboda yawan masu nema. Wato akwai sa hannun da aka karɓa a ƙofar ɗakin wasa, a ranar wasan, mai shi ya adana shi da zuciya ɗaya, kuma ba na mawaƙin ba ne. A 2022 ma an sayar da wani littafin mawaƙin Amurka Bob Dylan kusan dala 600 kowane kwafi a kan cewa da hannunsa ya sa, masu saye suka gwada hotuna suka ga na'ura ce ta yi, aka mayar musu da kuɗinsu, shi kuma ya fito ya ba da haƙuri. In haka ta faru a inda ake da kamfanonin tantance sa hannu irin su PSA da JSA, ka ga kuwa wanda ke Paris ko Landan ba zai aiko da kuɗi Maraɗi a kan “an ce” ba. Kuma waɗannan kamfanoni da ƴan wasan ƙwallo da taurarin Turawa suka saba. Namu mawaƙan, irin su Shata da Ɗan Maraya, shaidarsu a gida take: hoto, takardar gayyata, tikitin wasa, ko dattijon da aka yi abin a gabansa.

Shi ya sa zan ce ka koma cikin akwatin nan, kada ka zubar da ko guntun takarda. In mahaifinka ya yi zaman Legas ko yana zuwa fatauci, ka tambayi abokan tafiyarsa tun suna raye. Wa ya kai shi wurin Fela, a wace shekara, akwai hoto? Ka ɗauki muryarsu a waya, ka rubuta abin da suka faɗa da kwanan wata. Hoto ɗaya na baba tsaye kusa da mawaƙin ya fi rantsuwa goma.

In shaida ta tabbata, kuɗi na iya tashi sosai. A 2013 an yi gwanjon faifan Sgt. Pepper mai sa hannun Beatles su huɗu a Amurka, aka saye shi dala 290,500, sama da miliyan ɗari na sefa, alhali faifan kansa an buga miliyoyinsa, ana samun sa da araha. Amma ka lura da wani ciniki. A ƙarshen 2015 Ringo Starr, mai kiɗa wa Beatles ganga, ya sayar da nasa kwafin faifansu mai farin kwali (White Album) mai lamba 0000001 a kan dala 790,000. Abin da aka biya a nan lambar ce, da sanin hannun da ya fito. Na kawo waɗannan ne don ka ga inda kuɗin yake, ba don ka fara lissafin gina bene ba. Faifan Fela mai kyau kuɗinsa na kirki ne, amma ba wannan layin yake ba.

Yanzu ɓangare na biyu na tambayarka, kai faifai a sa masa hannu. A nan ra'ayina yana da ƙarfi, kuma na san akwai waɗanda za su saɓa mini a cikinmu. In faifan na kowa da kowa ne, ko sabon bugu, kai shi. Ba abin da za ka rasa, kuma wanda ba ya da wata daraja ta musamman ya samu abin da ya bambanta shi da dubbai. Amma in bugun farko ne wanda samun sa ke wuya, kwalinsa kuma tsaf, kada ka bari alƙalami ya taɓa shi. Masu neman irin wannan kaya, lafiyar kaya suke bi. A dandalin intanet na Discogs, inda ake yawan cinikin nan, daraja biyu ake ba kowane faifai, ɗaya ta faifan, ɗaya ta kwalin, daga M (sabo fil) da NM (kusan sabo) zuwa VG+ da VG (mai kyau amma ya sha hannu) har ƙasa. Tsakanin mataki da mataki kuɗi na iya faɗuwa da yawa, kuma dole mai sayarwa ya bayyana duk rubutun da ke jiki. Masu son sa hannu jama'a ce daban, masu son kwali mai tsabta jama'a ce daban, kuma a harkar tsofaffin faya-fayan Afirka na biyun sun fi yawa a cikin waɗanda na yi ciniki da su. Da yawansu masu juya faifai ne a wuraren rawa, sauti suke nema. Wasu kuma zanen kwalin ne ya ja su. Kwalayen Fela da yawa Lemi Ghariokwu ne ya zana su, mutane na rataye su a bango don zanen kawai. Ka ɗauki alƙalamin maka mai kauri ka ratsa fuskar wannan zane, ko da hannun wa, akwai wanda ka kora.

Mafita mai sauƙi ce. Ka ba mawaƙin rigar takarda ta ciki, ko hoto, ko farar takarda mai kauri ya sa hannu, ka zura ta cikin kwalin. Mai son sa hannu ya samu, mai son tsabta ya samu. A yi hoto lokacin da yake rubutawa, a ga fuskarsa, a ga abin da ke hannunsa, a sa kwanan wata. In dole sai a kwali, to a baya, wurin da ba zane. Kada a rubuta a jikin faifan inda allura ke bi, kuma in kwalin mai sheƙi ne ka bar tawadar ta bushe sosai kafin ka haɗa shi da wani, in ba haka ba za ta koma kan na kusa da shi.

Akwai masu cewa kada a bar mawaƙi ya rubuta sunanka, wai “ga wane” yana rage kuɗi. Gaskiya ne wasu masu saye ba sa son sunan wani a kayansu. Ni dai na fi natsuwa da mai suna da kwanan wata da ɗan saƙo, domin mai yin jabu ba ya son dogon rubutu, kowane harafi da ya ƙara wuri ne da za a kama shi. In kuma sunan mahaifinka ne a kan na Fela ɗin, ga takardunsa da ke nuna shi ne, wannan ma wata shaida ce.

Abu ɗaya da nake roƙon ka: ko ya tabbata hannun baba ne ba na Fela ba, kada ka goge. Na ga kwalin da aka bi da fetur, na ga wanda aka bi da alkol, launin ya tashi ya bar farin tabo kamar an zuba ruwan zafi. Sunan tsohon mai shi a kusurwa ƙaramin aibi ne, duk mai sayen faifan da ya fito daga ƙasashen nan ya saba da shi, da hatimin kanti, da na gidan rediyo. Tabon gogewa kuwa ba ya gyaruwa.

Gaskiya ma a garin nan ba tawada ce babbar mai kashe faifai ba. Zafin watan Afrilu da Mayu ne, lokacin da ake haura digiri 40, ɗakin kwano kuma ya fi haka. Faifai in ya kwanta a karkace cikin wannan zafi sai ya lanƙwashe, allura ta riƙa hawa da sauka. Sai gara, wadda ke cin kwali ta bar maka faifai tsirara, sai ƙurar hunturu da ke shiga layukan. Ka fitar da su daga akwatin ƙarfe, ka jera su a tsaye, ba a kwance ɗaya kan ɗaya ba, nesa da ƙasa da bango, a ɗakin da ya fi sanyi. Mai rubutun kada ka rataye shi inda rana ke bugu, tawada na dushewa. Ka guji leda mai kauri mai warin roba, cikin zafi tana barin hazo a jikin faifai wanda ba ya wankuwa. In akwai masu nauyi ƙwarai, masu gudun 78 (wato juyi 78 a minti), ka riƙe su da hannu biyu, su ba sa lanƙwasa, fashewa suke.

Shi kuma mai son kwashewa gaba ɗaya, kada ka yi gaggawa, kuma kada ka zarge shi, sana'arsa ce. Mai sayen akwati dungum yawanci faifai biyu ko uku ya hango, sauran gyara ne. Sau da yawa ma ba mai sa hannun ba ne ya fi tsada. Wani ƙaramin faifai mai gudun 45 na wata ƙungiyar da ba wanda ya tuna da ita, wanda aka buga kaɗan a Legas ko Kwatano, yana iya fin na shahararren mawaƙi. William Onyeabor na Enugu misali ne: faya-fayansa sun daɗe ba mai waiwayar su a kasuwanninmu, sai ga masu tarawa na ƙasashen waje suna rububinsu, musamman bayan wani kamfanin Amurka ya sake fitar da waƙoƙinsa a 2013. In ya yi maka tayi da yuro, ka riƙe cewa yuro ɗaya sefa 656 ne, kuma ka duba kuɗin da aka riga aka sayar da irin faifan a Discogs, ba wanda masu kaya suke nema ba.

Ka ɗauko mana hotuna huɗu na faifan Felan: gaban kwali, bayansa, tambarin tsakiya, da rubutun daga kusa cikin hasken rana ba da fitilar waya ba. Akwai kuma wasu ƙananan lambobi da aka karce a santsin da ke tsakanin waƙar ƙarshe da tambari, ka karkata faifan za ka gan su, ka rubuto mana su yadda suke. Da su za a gane ko bugun Legas ne na farko ko na baya. In kana gari ranar Juma'a, ka iya kawo shi bayan sallar La'asar in duba da idona, amma ka sa shi tsakanin kwalaye biyu masu tauri, kada ka ɗaure shi a bayan babur cikin rana.