Aikin ceto masu shaye-shaye a Legas: zai riƙe ni kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Ni mazaunin Agege ne, na gama karatun aikin jin daɗin jama'a. Raina na son aiki da masu shaye-shaye, amma mahaifina ya ce aikin baban giwa ne, ba kuɗi ba godiya. Ke da kika daɗe a ciki, me za ki ce?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ta fuskar kuɗi Baba bai yi ƙarya ba. Albashin zai ciyar da kai, amma a garin da kuɗin haya da na mota ke cinye rabin samu, kada ka sa ran gina gida da wuri. Inda zan saɓa masa, cikin ladabi, shi ne zancen baban giwa.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, kuma Kudu maso Yamma, inda muke zaune, ita ce kan gaba. A cikin duk mutum huɗu masu ta'ammali da ƙwayar, ɗaya mace ce. To ka leƙa wuraren jinya a Legas ka ƙirga ma'aikatan da ke jin Hausa. Yaronmu na Idi-Araba ko Mile 12 in an kai shi, da tafinta ake magana, kuma ba wanda zai tona cikinsa ta bakin wani. Shi ya sa iyaye kan sa yaro a motar Kano a ce ya tafi gida "ya huta", ko a kai shi gidan mari. Ka tuna ɗaruruwan mutanen da 'yan sanda suka fito da su daga wani gida a Rigasa, Kaduna, a 2019, wasu da sarƙa a ƙafa.

Amma ka san abin da za ka tarar. Na taɓa zama da wani ɗan dako da ke jefa tiramadol a shayin asuba don ya iya kinkimar buhunan albasa. Ba don nishaɗi ya fara ba, don neman abinci ne. Da ya daina, kwana huɗu yana hamma, gumi na keto masa, ga gudawa, ga gaɓoɓi kamar an daka. Ya yi wata biyar lafiya lau, har na fara yabon kaina. Wata Litinin sai ga shi ido jajir, ya kasa haɗa ido da ni. Daren nan ban runtsa ba. Sai daga baya na lura da abin da ya fi muhimmanci: da ƙafarsa ya dawo, ba wanda ya ɗaure shi ya kawo. Komawa ruwa tana cikin ciwon, kamar yadda hawan jini kan tashi bayan ya sauka. Ma'aikacin da ya ɗauki kowace komawa a matsayin faɗuwarsa, shekara biyu ba zai kai ba.

Ƙofofin shiga kuwa akwai su. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, wanda tarihinsa ya faro tun 1907, yana kula da masu shaye-shaye, haka ma na Aro a Abekuta. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da aka kafa a 1989, wadda Buba Marwa ke jagoranta tun 2021, ba kamu kaɗai take yi ba, tana da ɓangaren ba da shawara da gyaran hali. Sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 mai kallon majinyaci a matsayin mahaukaci kawai.

Ka nemi wuri ɗaya ka yi aikin sa-kai na wata uku kafin ka yanke. Ka ware layin waya na aiki daban, don za a kira ka ƙarfe biyun dare. Kada ka ba majinyaci kuɗi a hannu. In yunwa ce, kai shi wurin mai abinci ka biya. Sirrinsa kuma ya tsaya wurinka, ko da limamin unguwa ne ya tambaya, domin Agege kowa ya san kowa. Ka gaishe min da Baba.