Amsa ga mai tambaya kan Kanazawa

Ɗan'uwa da ka tambaya ko Kanazawa, birnin nan na Japan, ta kai a taso daga Tokyo dominta, kuma me ya sa tsohon garin yake da wuyar ganewa, na zauna can lokacin karatu, bari in ɗan tofa albarkacin bakina.

Ka riƙe koguna biyu a ka, Sai da Asano. Tsakaninsu wani dogon tudu ya gangaro daga duwatsu, a ƙarshensa fadar masu sarautar garin take. A 1546 wurin ibadar 'yan ɗarikar Ikko ne, mabiya Buda da suka yi kusan shekara ɗari suna riƙe da ƙasar Kaga, yankin da garin yake. Dakarun Oda Nobunaga, babban jagoran yaƙi na lokacin, suka kawar da su a 1580, Maeda Toshiie ya shigo a 1583, zuriyarsa kuma ta ci gaba da sarauta har aka rushe tsarin masarautu a 1871.

In ka cire gidan Tokugawa masu mulkin ƙasar, babu wanda ya kai Maeda arziki. Ana ƙiyasta amfanin ƙasarsu da koku miliyan ɗaya na shinkafa, koku guda kuwa cin mutum ɗaya ne na shekara. Mai irin wannan dukiya ido na kansa, su ma sun sani. Shi ya sa, don tsaro, tituna suka karkace, lunguna da yawa ba sa ɓullewa, aka tara gidajen ibada kusan saba'in a Teramachi ta hayin Sai, aka kewaye gari da ganuwar ƙasa da ramuka har zagaye biyu, kamar dai ta Kano. Sannan suka zuba kuɗi a sana'ar hannu don a ga ba yaƙi ne a gabansu ba. Har yau kusan duk fallen zinarin da ake bugawa a Japan daga nan yake fitowa.

Fadar dai kada ka sa rai da yawa. Tsawa ta ƙone babbar hasumiyar a 1602, ba a sake gina ta ba, gobarar 1881 kuma ta cinye mafi yawan sauran. Soja sun zauna a filin, jami'a ta gaje su har 1995. Yawancin abin da za ka gani sabon gini ne, amma ƙofar Ishikawa ta 1788 ta asali ce. Ni na fi son magudanar Tatsumi da aka haƙa a 1632 bayan wata babbar gobara, wadda har gobe take shayar da lambun Kenrokuen, da katangun laka na Nagamachi, unguwar samurai, wato mayaƙan sarauta, da ake lulluɓewa da tabarmin kara in sanyi ya shigo. Ba a jefa wa garin bam a yaƙin duniya na biyu ba, dalilin da ya sa waɗannan suka tsira ke nan.

Tun 2015 jirgin ƙasa mai gudu yake zuwa daga Tokyo cikin kamar awa biyu da rabi. Ka tafi da lema, ruwan sama ba ya sallama a can. Kifi kuwa sai kasuwar Omicho, amma ka riƙa tambaya kan romo da miya, don suna yawan zuba giyar shinkafa a girki.