Sikila da gajiya bayan shekaru sun ja: amsoshin lokotoro

Assalamu alaikum mutanen Damagaram, tambayoyin wannan satin duk kan emasi ne, wato sikila, kuma daga manya suka fito.

Wata Hajiya daga Birni, shekara 54, mai nau'in sikilar da ake kira SC, ta ce gajiyar da take ji tun bara ba irin wadda ta saba bace, ko shara ta yi sai ta zauna tana haki, shin tsufa ne?

Hajiya sannu, Allah ya ƙara lafiya. Kar ki ɗora wa tsufa tukuna dan Allah. Ƙwayar jinin mai lafiya tana kwana 120 kafin ta mutu, ta mai sikila musamman nau'in SS mai tsanani kwana 10 zuwa 20 ne, to jiki kullum cikin ƙera sabo yake ba hutu, wannan ita ce gajiyar da kika sani tun ƙuruciya. Amma gajiyar da ta canza kama, ita ke tayar min da hankali, saboda in shekaru sun ja ƙoda kan yi rauni a masu sikila, kuma ƙoda ce ke aika wa ɓargo saƙon ya yi jini, in ta gaza jini sai ya riƙa sauka a hankali ba ciwo ba komai, mutum na cewa girma ne. Zuciya da jijiyoyin huhu ma suna kawo wannan hakin. Ki je babban asibitin Zinder a auna jini, a duba ƙoda da fitsari, a saurari zuciya, ki tafi da tsoffin takardun analiz ɗinki don a gwada da na da. Lambar jininki ta kullum ki haddace ta, wani 8 ne daidansa yana ta harkarsa, wani in ya sauka 8 to akwai matsala.

Wani Malam daga Mirya yana tambaya ko ya saya wa mahaifinsa maganin ƙarin jini na kwalba a farmasi.

A'a Malam, sai an auna. Yawancin su sinadarin ƙarfe ne a ciki, shi kuma mai sikila ba ƙarfen ne ya rasa ba, in ma an yi wa Baba ƙarin jini a asibiti sau da yawa to ƙarfen ya riga ya taru a hanta da zuciya, ƙara masa cutarwa ce. Folik asid, ƙwayar bitamin mai taimaka wa jiki ƙera jini, yake buƙata kullum. Zogale, wake, hanta, ƙwai duk ya ci, zoɓo ma ya sha abinsa amma ba ya ƙara jini kamar yadda ake faɗa. Sannan gidan sauro, wallahi ina nanata wannan, maleriya ɗaya ta damina tana iya zubar da jinin da aka yi wata da watanni ana tattali. Diklofenak da ibuprofen na 'yan tebur ya rabu da su, ƙoda suke ci.

Wata baiwar Allah daga Garin Malam ta ce mamanta ta ƙi ajiye azumi, kuma in ta kwanta da rana kishiyoyi na cewa lalaci ne.

Wannan ya taɓa ni sosai. Ɗiyata ki faɗa musu ba lalaci bane, jinin da ke kai iska ga jiki ne bai kai ba. Aiki ta yi shi da sanyin safiya, ta rarraba, girki ma a zaune, zafin Afrilu da Mayu nan garin ya wuce digiri 40 kada ta fita da rana, lokacin hunturu kuma wanka da ruwan ɗumi. Ruwa kamar lita 3 a yini in likitanta bai taƙaita mata ba, na san wahalar ruwan Zinder amma a ware mata nata. Azumi kuwa ƙishi yana tayar da ciwon, Allah ya yi wa mara lafiya rangwame, ku je wajen malamin da take jin maganarsa tare da bayanin likita. In kin ga zazzaɓi, ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, ido ya ƙara rawaya ko ƙafa ta kumbura, ki ɗauke ta zuwa asibiti a lokacin, ko da dare ne.