Tambayoyin Masu Karatu: Sitiyarin motata yana wasa, shin in ɗaure notin akwati?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam Injiniya. Ina da tsohuwar Hilux a-kori-kura ƙirar 1998 wadda nake jigilar albasa da ita daga Goronyo zuwa Sakkwato, ranar Lahadi kuma nakan kai kaya kasuwar Illela. Tun bayan damina sitiyarin yake wasa, sai na murza shi kamar faɗin yatsa huɗu kafin tayoyi su amsa, kuma duk lokacin da babbar mota ta gifta ni sai motar ta riƙa yawo a kan titi. Wani abokin aikina a tasha ya ce akwai noti a saman akwatin sitiyari, idan na ɗaure shi tamau magana ta ƙare. Shin haka ne, kuma zan iya yi da kaina? Daga wani direba a Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam direba. Notin da abokin aikinka ya ambata yana nan, shi ne yake kulle wata kusa wadda lallai an yi ta ne domin rage wasan sitiyari, amma kalmar "tamau" ita ce ban yarda da ita ba, domin sitiyarin da aka matse fiye da kima ya fi mai wasa haɗari.

Iyakar wasan da kamfanin Toyota ya amince da shi a irin motarka shi ne milimita 30 a gefen sitiyari, wato kusan faɗin yatsa biyu. Naka ya ninka haka, saboda haka gyara ya zama dole kafin ka sake ɗaukar lodi. Sai dai ka fara gano inda wasan yake. Ka tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, tayoyi a ƙasa suna fuskantar gaba, ka sa yaron motarka ya riƙa kaɗa sitiyarin hagu da dama a hankali, kai kuma ka leƙa ƙarƙashi. Idan sitiyarin mai amfani da mai ne, wato na fawa, a bar injin yana aiki. Idan sandar da ta shiga akwati tana juyawa amma hannun ƙarfen da ya fito daga ƙasan akwatin bai motsa ba, to laifin na akwati ne. Idan kuwa hannun yana motsi amma tayoyi sun yi shiru, to ka nemi matsalar a kawunan tayarod (sandunan da ke kai motsin sitiyari ga tayoyi), ko boljoyin (gaɓar da taya ke juyawa a kanta), ko boris ɗin taya, ko ma kusoshin da suka riƙe akwatin a jikin shasi. A ƙasarmu a irin waɗannan wurare aka fi samun matsalar, domin zafin bazara yana busar da robar da ta rufe waɗannan gaɓoɓi har ta tsage, ƙurar hunturu ta shiga ta cakuɗe da giris, gargada kuma ta ƙarasa sauran. Duk ɗaurin da za ka yi wa akwati ba zai gyara tayarod da ya cinye ba.

Idan ka tabbatar akwatin ne, ya kamata ka san abin da kake matsewa. A cikinsa akwai ƙarfe mai zare kamar na kusa, da wani ƙaton noti da ke tafiya a kansa bisa ƙananan ƙwallayen ƙarfe. Wannan noti yana da haƙora waɗanda suke cizon haƙoran wata sanda da ke tsaye, ita ce mai juya hannun da na ambata. Haƙoran an yi su a karkace, ta yadda idan aka murza kusar da ke saman murfi ciki, sai su ƙara shiga juna, giɓin da ke tsakaninsu ya ragu. Tun daga masana'anta an tsara cizon ya fi ƙarfi a tsakiya, inda mota take tafiya a miƙe, ya ɗan sassauta a gefe. To amma tsakiyar ce take fara cinyewa, tun da a nan sitiyari yake wuni. Wanda ya bi wasan tsakiya yana ta matsewa har sai ya ɓace gaba ɗaya, zai tarar sitiyarin yana cijewa da zarar ya ɗan karya shi, domin haƙoran wurin ba su cinye kamar na tsakiya ba. Irin wannan mota ba ta mayar da sitiyari da kanta bayan an sha kwana, kuma wanda ya ɗauko buhunan albasa bai da lokacin kokawa da ita a gaban tirela.

Aikin kansa ba shi da wuya. Ka ɗaga gaban motar da jak, ka tokare ta da abin da ya fi jak aminci, ka daidaita tayoyi su kalli gaba sak. Ka yi wa kusar alama da fenti ko alli domin ka san inda ka faro. Ka riƙe ta da sukurudireba, ka sassauta notin da ya kulle ta da sifana, sannan ka murza ta ciki kashi ɗaya cikin takwas na zagaye kawai. Ka ci gaba da riƙe ta yayin da kake ɗaure notin, in ba haka ba za ta bi shi ta ƙara shigewa ba ka sani ba. Daga nan ka juya sitiyarin daga ƙarshe zuwa ƙarshe da hannu ɗaya, kana sauraron ko akwai inda ya yi tauri ko ya ciza. Idan yana tafiya sumul kuma wasan bai sauko ba, ka ƙara wani kashin, ka sake gwadawa. Da zarar ka ji cizo, ka koma baya. A ganina, idan ka kai rabin zagaye ba ka ga wani canji ba, ka dakata, domin ƙwallaye ko boris ɗin cikin akwatin ne suka gaji, kuma wannan aikin bakanike ne, ko dai ya kwance shi ko a nemo wani. Kafin ka rufe bonet ka duba mai: man giya ga akwatin da ba na fawa ba, jan mai ga na fawa. Gwajin ƙarshe a fili marar cunkoso ake yinsa, mota ba kaya, ka sha kwana a hankali ka sassauta hannu ka ga ko sitiyarin zai dawo da kansa.

Tambaya: Malam, ni Corolla ce gare ni, sitiyarinta yana ƙara a kan ramuka, na kuma duba ban ga akwatin da ake magana ba. Daga wata malamar makaranta a Mabera.

Amsa: Malama, ba za ki gan shi ba, domin motarki tana amfani da doguwar sanda mai haƙora ce wadda makanikai suke kira rak, kamar yadda yawancin ƙananan motoci suke. Ƙarar da kike ji galibi daga kawunan rak ɗin take fitowa, ko daga robobin da suka riƙe shi. Ki sa a ɗaga motar a jijjiga kowace tayar gaba hagu da dama, kuma idan aka sauya wani abu a wurin, kada ki bar gareji sai an saita tayoyin, in ba haka ba za su cinye ta gefe ɗaya.